Huda Muƙamuƙi Domin Dashen Haƙori: Yadda Ake Samun Riƙo Ba a Kashe Ƙashi Ba

Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyos. Ƙashi kuwa, da zarar zafinsa ya kai digiri 47 ya kuma daɗe a haka har minti ɗaya, to ya fara lalacewa. Tazarar digiri goma ce kacal, kuma a cikinta likitan haƙori yake aikinsa duk lokacin da ya ɗauki mahuji, wanda a asibiti ake kira diril, zai huda muƙamuƙi don kafa turken taitaniyam da za a ɗora sabon haƙori a kansa. Masana biyu na ƙasar Suwidin, Eriksson da Albrektsson, su ne suka fitar da wannan adadi a 1983. Sun dasa ɗan ƙarfe mai taga a ƙashin ƙafar zomaye, suna ɗumama shi, suna leƙen ƙashin ta madubin ƙara girma har tsawon makonni. Ƙashin da aka kai digiri 50 na minti ɗaya, ko 47 na minti biyar, ya riƙa zaizayewa, kitse yana maye gurbinsa. A gwajin da suka biyo da shi a 1984, ƙashin da aka tsayar a digiri 44 na minti ɗaya bai nuna wata illa ta a-zo-a-gani ba.

Abin tsoron shi ne ba a ganin ƙunar a ranar aiki. Majiyyaci yana cikin allurar kashe zafi, ba zai ce uffan ba. Turke zai shiga ya kama gam, hoto ya fito tsaf, kowa ya tafi gida da murna. Sai bayan makonni mutum ya dawo yana cewa wurin yana masa zugi, a taɓa turken a ji yana rawa. Nan ne ake fara neman wanda za a ɗora wa laifi: ko kamfanin da ya ƙera turken, ko tabar majiyyaci, ko ciwon sukarinsa. Duk waɗannan suna iya kayar da dashe. Amma kafin a tuhume su, a fara komawa kan ramin da aka haƙa, a tambayi da wane mahuji aka yi shi, da wane gudu, ruwa nawa ya sha, kuma ya faɗinsa yake idan aka gwada da na turken. Wannan jagora ta ɗaliban likitancin haƙori ce, da sababbin likitoci, da masu taimaka musu a ɗakin tiyata, har da majiyyacin da ke son sanin abin da za a yi masa a baki. Hannu kam a gaban malami yake faɗawa, takarda ba ta koya wa mutum jin ƙashi.

Riƙo iri biyu

Per-Ingvar Branemark, likitan Suwidin da ya assasa dashen haƙori na zamani, ya lura a 1952 cewa taitaniyam ɗin da ya saka a ƙashin zomo ya ƙi fita, ƙashin ya manne masa. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe a birnin Gothenburg, wani mai suna Gosta Larsson, wanda ya ci abinci da turakunsa kimanin shekara 40 har ya rasu a 2006. Sauran duniya ba ta rungumi abin sosai ba sai bayan taron Toronto na 1982. Duk wanda ya duba ƙa'idojin Branemark zai ga yadda ya matsa a kan ladabin huda: a faɗaɗa rami kaɗan-kaɗan, a kwarara ruwa, a murɗa a hankali, sannan a rufe dasashi a jira wata uku zuwa huɗu a muƙamuƙin ƙasa, wata shida a na sama.

Dalilin wannan jira shi ne turke yana tsayawa da riƙo iri biyu, ɗaya bayan ɗaya. Riƙon farko na matsi ne zalla. Zaren turke ya cije a jikin ƙashi, kuma mahuji ne ya yanke yadda cijewar za ta kasance. Riƙo na biyu na rai ne, wato sabon ƙashi ya tsiro ya liƙe a jikin ƙarfen ba tare da wata tsoka a tsakaninsu ba.

Tord Berglundh da abokan aikinsa sun bi sawun wannan sauyi a muƙamuƙin karnuka, suka wallafa sakamakon a 2003, kuma abin da suka gani ya isa ya gyara tunanin duk mai riƙe da mahuji. A cikin kwarin da ke tsakanin zare da zare, inda ƙarfe bai taɓa ƙashi ba, jini ne ya fara cika wurin ya daskare. Kwana huɗu, ƙananan jijiyoyin jini sun fara ratsa gudan jinin. Mako ɗaya, ɗanyen ƙashi ya bayyana. Zuwa mako takwas zuwa goma sha biyu ya nuna, ya zama ƙashi sosai mai ɓargo. Amma a bakin zare, inda ƙarfen ya danne tsohon ƙashi, sai da jiki ya fara cinye ƙashin da aka danne kafin ya gina wani. Ka ga ke nan ƙashin da ya riƙe turke a ranar farko shi jiki yake rushewa, gurbin da ya cika da jini kuma shi ne ya fi saurin haihuwa.

Saboda haka akwai wani lokaci, galibi daga mako na biyu zuwa na huɗu, da tsohon riƙo ya sassauta, sabon kuma bai ƙosa ba. A wannan tsakanin turke ya fi rauni. Idan yana motsi fiye da kima, kuma kimar da masana suka ƙiyasta tana tsakanin maikiromita 50 zuwa 150, wato wajen ɗaya bisa goma na milimita, sai jiki ya lulluɓe shi da tsoka maimakon ƙashi, dashe ya tashi a banza. Aikin mai huda shi ne ya samar da riƙon da zai tsallakar da turke wannan siraɗi, ba tare da ya matse ko ya ƙona ƙashin da ake jira ya warke ba.

A karanta ƙashin tukuna

Masana biyu, Lekholm da Zarb, sun kasa ƙashin muƙamuƙi gida huɗu a 1985. Nau'i na ɗaya kusan duk ɓawo ne mai tauri, an fi samunsa a gaban muƙamuƙin ƙasa. Na huɗu ɓawonsa siriri ne, cikinsa soso ne sakayau, kuma gidansa bayan muƙamuƙin sama, ƙarƙashin kogon iskar da ke cikin kunci. Na biyu da na uku suna tsakani. Jaffin da Berman a Amurka sun bi turaku 1,054 na tsawon shekara biyar, suka ba da rahoto a 1991 cewa kashi 3 cikin 100 ne suka faɗi a nau'i ukun farko, a nau'i na huɗu kuwa kashi 35. Turakun wancan zamani masu santsin jiki ne, na yanzu masu kaushi sun rage wannan giɓi ƙwarai, amma darasin yana nan: ramin da ya dace da gaban haɓa bai dace da mazaunin turamen sama ba.

Hoton ƙashi na CBCT zai nuna maka faɗin ƙashi da tsawonsa da hanyar jijiya. Taurinsa kuwa, hasashe kawai hoton ke bayarwa. Mahujin farko shi ke faɗin gaskiya. Idan ka ji turjiya tun daga sama har ƙasa, garin da ke fitowa fari ne, jini kuma kaɗan, to kana cikin ƙashi mai tauri, abokin gabarka zafi ne. Idan mahuji ya fasa ɓawo ya zurma ba tare da ka danna ba, ya fito da jan ɓargo, to ƙashin sakayau ne, damuwarka riƙo ce. Daga wannan lokaci jadawalin da ke bayan kwalin kamfani ya zama shawara da za ka daidaita da abin da hannunka ya ji.

Tsarin huda

Ana amfani da injin dashe mai mariƙin da ke rage gudu sau 20, ba mariƙin iska mai ihu da ake tonon ruɓaɓɓen haƙori da shi ba. Wancan gudunsa ya wuce hankali, kuma yana iya hura iska cikin tsoka.

A fara da ɗan mahuji mai dunƙulallen kai ko mai tsini a sa alama a ɓawo, don kada na gaba ya zame. Sai mahujin jagora mai faɗin wajen milimita 2, a shiga da shi kamar milimita 6 a tsaya. A zura ƙusar gwaji a duba inda ta dosa: ta daidaita da haƙoran da ke gefe? Idan majiyyaci ya rufe baki a hankali, ta nufi inda haƙorin da ke fuskantarta zai sauka? In akwai kokwanto, a ɗauki hoto da ƙusar a ciki. Yanzu ne gyara yake da arha, da mahuji mai yanka ta gefe irin na Lindemann. Bayan rami ya faɗaɗa, duk gyaran da za a yi ɓarna ce.

A sani kuma mahuji yana gudun tauri ya bi laushi. A gurbin haƙorin gaba na sama da aka cire yanzu-yanzu, idan aka sakar masa hannu sai ya silale wajen leɓe, inda bangon ƙashin ya fi siranta. Sai an kafa shi da gangan a bangon da ke wajen ganɗa, a kuma wuce ƙarshen gurbin da milimita 3 zuwa 4 don a sami ƙashin da zai riƙe.

Daga nan a kai cikakken zurfi, sannan a riƙa faɗaɗawa mataki-mataki, ana rage gudu gwargwadon yadda mahuji ya ƙara kauri. A tsohon tsarin kamfanin Straumann, misali, mahujin milimita 2.2 yana juyi 800 a minti, na 2.8 yana 600, na 3.5 yana 500, na 4.2 yana 400, kuma turke mai faɗin 4.1 a ramin 3.5 yake shiga. Hikimar a fili take: a juyi ɗaya, gefen mahuji mai kauri ya fi yin tafiya mai nisa, don haka ya fi guga. Kowane kamfani da nasa adadin, kuma mahudansa an yi su ne daidai siffar turkensa. Huda da kayan wani kamfani a saka turken wani caca ce, ko da lambobin da ke jikinsu sun yi kama. Tsallake mataki don a gama da wuri shi ma a nan ne sauri yake haifar da nawa, domin mahujin da aka ba shi aikin biyu ya fi daɗewa a ciki, ya fi ɗaukar zafi.

Inda zafi yake fitowa

Ƙashi ba ya watsa zafi da sauri. Abin da guga ta haifar a bangon rami a nan yake taruwa, musamman a ɓawo mai kauri da kuma can ƙasan rami mai zurfi inda ruwa ba ya isa da kansa. Shi ya sa ba a tura mahuji a tafi ɗaya. Ana shiga na daƙiƙa ɗaya ko biyu, a ɗago yana kan juyawa, a sake komawa. Ɗagowar tana aiki biyu: ruwa ya gangara ƙasa, garin ƙashin da ya toshe kwarin mahuji ya wanke. Mahujin da kwarinsa ya toshe ya daina yanka, goga kawai yake yi. Kada kuma a tsayar da inji alhali mahuji yana cikin ƙashi.

Akwai kuskuren da tsoro ke haifarwa, kuma sababbin likitoci sun fi faɗawa cikinsa. Don gudun ɓarna sai mutum ya sassauta hannu har mahuji ya riƙa juyawa a wuri ɗaya ba ya ci gaba. Wannan ba tausayi ba ne ga ƙashi. Zafi da lokaci tare suke aiki, kuma gwaje-gwajen da aka yi a ƙashin shanu sun nuna idan gudu da danniya suka tafi tare, yankan yana ƙarewa da wuri ba tare da zafin ya haura sosai ba. Abin nema shi ne danniya madaidaiciya wadda ke sa mahuji ya ci ƙashi, yatsa ɗaya kuma a jingine a haƙori ko haɓa don kada hannu ya kufce.

Ruwan sanyayawa shi ne ruwan gishiri na asibiti mai kashi 0.9 cikin 100, sabo daga leda. Ruwan famfo ko na tankin kujera ba su da gurbi a nan. A wannan gaɓa yanayinmu ya shigo cikin maganar. Littattafan da aka rubuta a Turai in sun ce ruwa mai zafin ɗaki, ɗaki mai digiri 20 da 'yan kai suke nufi. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram, a watan Afrilu, zafin gari yana haura 40. Ledar ruwan da ta wuni a sito ko a bayan mota a irin wannan rana tana iya fin jikin majiyyacin zafi, to me za ta sanyaya? A ajiye ta a firji, a fito da ita dab da fara aiki.

Mai taimaka wa likita yana da babban rabo a wannan. Shi ke kallon leda kada ta ƙare ana tsakiyar huda. Shi ke tabbatar da cewa ruwan a kan mahuji yake sauka, ba a kumatu ba. Kuma shi ne ya kamata ya riƙe bututun zuƙa nesa kaɗan, domin in ya manna shi a bakin rami zai shanye ruwan kafin ya shiga. Idan ana aiki da faifan jagora da aka tsara a kwamfuta, a ninka lura, saboda zoben da mahuji ke bi ta ciki yana tare ruwa. A yawaita ɗagowa, a kuma ɗura ruwa a ramin da sirinji tsakanin mahuji da mahuji.

Sai dakushewa, wadda a ganina ita ce babbar mai laifin da ba a cika kamawa ba. Mahuji yana da tsada, ido kuma ba ya gane lokacin da kaifinsa ya tafi. Kowane yanka a ɓawo mai tauri, da kowace shiga tukunyar tururin kashe ƙwayoyin cuta, suna rage masa baki. Kamfanoni suna faɗin iyakar amfanin da za a yi da shi, wasu ma na amfani sau ɗaya suke sayarwa. Asibitin da ba shi da littafin da ake rubuta sau nawa kowane mahuji ya yi aiki, a makance yake tafiya. In ka ji kana ƙara ƙarfi fiye da yadda ka saba a ƙashi iri ɗaya, ko garin ƙashi ya fito ruwan ƙasa, ka sauya shi nan take. Mahujin jagora ya fi kowanne saurin mutuwa tunda shi ke fasa ɓawo. Kuɗin sabo bai kai na turken da zai faɗi ba, balle mutuncin likita.

A tanadi batir ko inbata ga injin kafin a taɓa majiyyaci. Ɗaukewar wuta da mahuji a cikin muƙamuƙi ba abin wasa ba ne.

Faɗin rami da ƙarfin murɗi

Kafinta ya san in ramin da ya huda ya yi yawa, ƙusa mai zare za ta yi lako-lako, in ya yi kaɗan kuma katako ya tsage. Haka yake a muƙamuƙi, sai dai ƙashi yana da jini a ciki, yana iya mutuwa tun bai tsage ba.

A ƙashi sakayau ana tsuke ramin da gangan. Ko a tsaya a mahujin da ke kafin na ƙarshe, ko a shiga da na ƙarshen iya kaurin ɓawo kawai a bar ƙasa a matse. Ba a yanka zare tun kafin turke, ba a kuma rarake bakin rami, domin ɗan siririn ɓawon nan shi ne jarin da ake da shi. Turke mai tsukakken gindi ya fi dacewa a nan, yana shiga yana tattara soson yana danne shi a gefe. A ƙashi mai tauri kuma akasin haka ake yi: a bi mahudai duka har na ƙarshe, a buɗe bakin ramin, a yanka zare a hankali da juyi kamar 15 a minti. Yawancin muƙamuƙai gauraye suke, ɓawo mai tauri a sama, laushi a ƙasa, don haka dabarar da ta fi yawan amfani ita ce a saki wuya a matse gindi.

Kafin a saka turke, a wanke ramin, a bi bangonsa da ma'auni a ji ko ya ɓule ta wani gefe, sannan a jira a ga jini yana tasowa. Busasshen rami fari fat ba abin alfahari ba ne. In haka ta faru, a ɗan soki bangon da siririn mahuji har jini ya fito, tunda daga jinin nan sabon ƙashi zai samu. Turke ya fito daga kwalbarsa ya wuce rami kai tsaye, kada ya taɓa yawu ko safar hannu, a murɗa shi a hankali, juyi 15 zuwa 30 a minti.

Injin zai nuna ƙarfin murɗi. Abin da aka fi nema shi ne niyuton-santimita 30 zuwa 45, kuma galibi sai an kai wajen 35 ake tunanin ɗora haƙorin wucin gadi a ranar. Akwai kuma na'urar da ke auna kaɗawar turke, wadda Neil Meredith ya gabatar da hanyarta a 1996, kamfanin Osstell ya yaɗa ta. Ma'auninta daga 1 zuwa 100 ne: sama da 70 riƙo mai ƙarfi, ƙasa da 60 mai rauni. Amfaninta shi ne ana iya maimaita awon bayan makonni a ga ko lamba tana hawa ko tana sauka.

Wasu likitocin suna jin daɗi in lambar murɗi ta haura 60 ko 70, suna ganin aiki ya yi kyau. Masana ba su haɗu a kan iyaka guda ba, kuma akwai turakun da aka ƙera don jure murɗi mai yawa. Duk da haka ni ban ga ribar farautar babbar lamba ba. Matsin da ya wuce kima a ɓawo yana toshe ƙananan jijiyoyin jini, yana haifar da tsagewar da ido ba ya gani, jiki kuma sai ya cinye duk wannan kafin ya yi gini. Inda bangon wajen leɓe yake siriri, sakamakon shi ne ƙashin wuya ya ja baya, dasashi ya bi shi, ƙarfe ya leƙo. Ƙarfin yana iya lanƙwasa mahaɗin da ke cikin turken ma. In turke ya cije kafin ya kai zurfinsa, kada a yi masa dole. A warware shi baya a sake gwadawa, in ya ƙi a fitar da shi a ajiye a wuri mai tsafta, a faɗaɗa ramin.

In kuma ya kai ƙasa yana juyawa babu turjiya, ba a yi asara ba tukuna. A sauya da wanda ya fi shi kauri ko tsawo in ƙashi ya ba da dama, ko a rufe shi ƙarƙashin dasashi a ƙara masa watannin jira, a manta da batun ɗora haƙori da wuri.

Iyakokin da ba a tsallakewa

A bar milimita 2 tsakanin ƙarshen rami da jijiyar jin da ke ratsa muƙamuƙin ƙasa, kuma a tuna tsinin mahuji yana zarce alamar da ke jikinsa, a wasu tsare-tsaren da milimita 0.4, a wasu har kusan 1. A bar milimita 1.5 tsakanin turke da saiwar haƙorin da ke gefe, milimita 3 tsakanin turke da turke kamar yadda binciken Tarnow na 2000 ya nuna, da milimita 1.5 zuwa 2 na ƙashi ta wajen leɓe. A gaban muƙamuƙin ƙasa, ɓula bangon da ke wajen harshe yana iya yanke jijiyar jini, ƙasan baki ya kumbura har ya toshe numfashi. Wannan kan kai ga rasa rai, kuma yatsa ɗaya da aka ɗora a bangon yayin huda yana taimakawa a ji inda mahuji ya dosa.

Sababbin dabaru

Robert Summers ya fito da hanyarsa a 1994: maimakon a kwashe ƙashi mai laushi, a buga sandunan ƙarfe masu ƙaruwar kauri da guduma su ture shi gefe, har a ɗaga ƙasan kogon kunci kaɗan. Tana aiki, amma bugun yana farfasa soson ƙashi, kuma akwai majiyyatan da ke tashi da jiri saboda girgizar ta taɓa cikin kunne. Tomaso Vercellotti na Italiya ya yaɗa yanka da na'ura mai kaɗawa dubban sau a daƙiƙa, wadda ke cin ƙashi ta ƙyale jijiya da tsoka. Kusa da jijiya tana da amfani ƙwarai, sai dai tana da nawa, kuma ita ma tana zafi in ruwa ya yi ƙaranci. Eduardo Anitua na Sifen ya koma ɗaya ɓangaren, ya ce bayan mahujin farko a sauko da gudu zuwa wajen juyi 50 a minti babu ruwa, a tattara garin ƙashin da ya maƙale a mahuji a cike giɓi da shi. A ƙashi mai laushi da matsakaici dabara ce mai kyau, amma wanda ya ɗauke ruwa bai sauko da gudu ba ya haɗa mafi munin hanyoyin biyu. Sai mahudan Densah na Salah Huwais, masu juyawa ta hagu da ruwa mai yawa, suna cusa garin ƙashi a bangon rami maimakon fitar da shi. Suna ƙara riƙon farko a ƙashi sakayau, ba a kuma yi su don ɓawo mai tauri ba.

Kowacce a cikinsu tana da wurinta. Amma shaidar shekaru masu yawa tana tare da tsohuwar hanya, kuma likitan da ke da mahuji mai kaifi da ruwa mai sanyi da haƙurin ɗagowa zai fi wanda ya sayi na'urar miliyoyi yana huda da dakusasshen baki.

Abin da ya rage ga majiyyaci

Makonnin nan da turke ya fi rauni a bakinka suke wucewa, ba a asibiti ba. Ka ajiye rake da goro da kilishi da aya a wannan ɓangaren har likita ya ba da izini. Kada ka riƙa gwada turken da harshe ko yatsa, kada asuwaki ya je wurin, kuma in kana sa haƙorin roba mai cirewa, a rarake cikinsa don kada ya hau kan dashen. Taba da shisha suna rage jinin da ke isa wurin, sukarin da ba a shawo kansa ba yana jinkirta warkewa. Mai shan maganin ƙarfafa ƙashi, ko wanda aka taɓa gasa masa ciwon daji a muƙamuƙi, ya faɗa tun kafin a fara. In allura ta saki amma leɓen ƙasa ko haɓa suna nan a mace, ka koma a ranar, domin turken da ya danne jijiya ana so a ja shi baya ko a cire shi cikin kusan awa 36.

Ko a gida aka yi maka aikin, ko a Masar ko Indiya ko Turkiyya, kada ka bar asibitin sai an ba ka takarda mai ɗauke da sunan kamfanin turken, da faɗinsa, da tsawonsa, da ƙarfin murɗin da ya shiga da shi, da ranar da aka dasa. Likitan da zai duba ka nan da shekara goma ba zai iya kwance ko noti ɗaya ba in bai san na wane kamfani ba ne, don haka ka adana ta tare da muhimman takardunka.